Ɗan Itacen Tukunya Ya Fara Ja a Gummi

Ƙanena da ke karatu a Jos ya kawo mini tsarabar wani ɗan itace a baƙar tukunyar roba, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, ganyensa siri-siri kamar allura. Ya ce fayin sunansa, irin wanda mutanen Japan ke hana wa girma a tukunya, su kira shi bonsai. Na ajiye shi a tsakar gida kusa da randa. Da hunturu ya kama, sai bakin ganyen ya yi ja kamar an babbaka. Na ɗauka ƙishi ne, na riƙa ba shi ruwa safe da yamma, na ƙara masa lakar fadama da takin awaki. Yanzu jan ya ci rabinsa, ƙasar kuma tana wari. Maigida cewa yake in jefar in shuka zogale. Yaya zan yi?

Wata malamar makaranta, Gummi

To, Malama. Jan farko aikin iskar hunturu ne, na biyu kuwa, ki yi haƙuri, aikin hannunki ne. Lakar bakin gulbin Zamfara ta dace da shinkafa, amma a tukunya sai ta riƙe ruwa ta toshe iska. Saiwa tana numfashi. In ta nutse sai ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuma ba ta jan ruwa, don haka ganye ke bushewa alhali gindin jagab yake. Alamar ƙishi da ta yawan ruwa kusan ɗaya ce a ido, nan mutane ke ruɗewa.

Ki fara kankare ɓawon reshe da farce. In kika ga kore a ciki, da sauran rai. Sai ki zare shi daga tukunyar a inuwa, ki dubi saiwar. Mai lafiya tana da ƙarfi, bakinta fari-fari. Wadda ta yi baƙi, tana saɓulewa tsakanin yatsu, ki datse ta da almakashi mai tsafta. In kin ga wani fari-fari kamar saƙar gizo a jikinta, kada ki wanke. Wata funfuna ce da ke taimaka wa fayin cin abinci.

Ki samo tukunyar ƙasa, a huda gindinta wuri 3 ko 4, don baƙar roba a rana dafa saiwa take yi. Ki cika ta da yashi mai tsakuwa da ɗan dakakken gawayi da gutsattsarin kasko. Taki kuwa a dakata tukuna. Kafin ban ruwa, soka tsinke ya kai gindi. In ya fito da laima, bari sai gobe. In zai sha, ya sha har ya zubo ta ƙasa. Ganyen da ya yi ja ba zai koma kore ba, sabon toho za ki sa wa ido.

Amma ba zan ɓoye miki ba, fayin ɗan wuri mai sanyi ne irin Jos. Zafin Maris da Afrilu a Gummi yakan haura digiri 40, sai kin ba shi hantsi kawai, ki kare shi daga ranar azahar. In kuma Allah bai yi ba, ki gwada kariyar nan da ke fitowa a dajinmu, mai kumburarren gindi da jan fure, masu bonsai a Tailan da Taiwan ji suke da ita. Kuka da tsamiya ma suna karɓar tukunya. Sai dai ƙaron kariya dafi ne, a ɗora ta inda hannun yara da bakin awaki ba sa kaiwa.