Agwagwar da ta faɗa ruwa: darasi ga mai shirin farauta a Kanada

 

Makonni uku da suka wuce wani ɗan uwa da muka yi makarantar allo tare, wanda yanzu yake aiki a jihar Minnesota ta Amurka, ya turo mini saƙon murya. Ya ce: "Allah ya gafarta Malam, na tara hutuna na bana, ni da wani abokin aikina za mu tafi Kanada a watan Oktoba farautar agwagin daji. Wannan ne karon farko, kuma ba za mu ɗauki ɗan jagora ba, da kanmu za mu yi komai. Naman ya halatta?"

Ina kan hanyar masallaci, sai na amsa a tsaitsaye: ka yi bismilla ka harba, amma duk wadda ta faɗa ruwa ka bar ta. Da dare na sake sauraron kaina, hankalina bai kwanta ba. Mutumin nan tsuntsun ruwa zai je nema. In amsata ta tsaya haka, ko dai ya riƙa zubar da nama halal, ko ya ci yana kokwanto. Na koma littattafai na tarar na taƙaita inda bai kamata ba. Na kira shi na gyara, shi kuma ya karanta mini dokokin farautar can. Abin da muka fitar shi ne: halaccin naman nan tun daga gida ake shirya shi, kafin a kai ga ɗana kunamar bindiga.

Inda za su

Lardin Saskatchewan suka nufa, tafiyar sama da kilomita 1,000 a mota. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta gonakin alkama da sha'ir, cike da dubban ƙananan tafkuna. A nan agwagi suke ƙyanƙyasa, kuma a watannin Satumba da Oktoba su da dinyoyi suke taruwa su ƙoshi kafin sanyi ya kora su kudu. Wanda ya san yadda tsuntsayen Turai ke sauka fadamar Haɗeja da Nguru da hunturu ya fahimci abin. Tunda tsuntsayen na ƙetare iyaka, tun 1916 aka ƙulla yarjejeniyar kare su tsakanin Amurka da Birtaniya a madadin Kanada, kuma daga nan yawancin dokokin suka samo asali.

Takardu

Wanda ya shiga ƙasar mutane da izininsu ya ɗauki alkawarin bin dokarsu, musulmi kuwa ba ya saɓa alkawari. Wanda ya ɗauki ɗan jagora, shi zai tuna masa komai. Kai da ka zaɓi tafiya da kanka, nauyin na wuyanka.

Na farko, shiga ƙasar. Ɗan uwan namu yana da takardar zaman dindindin ta Amurka, don haka ita da fasfo sun ishe shi. Mai fasfon Najeriya kawai, sai da biza.

Na biyu, bindiga. Kafin ka bar Amurka ka kai ta wajen kwastan a rubuta ta a fom mai lamba 4457, shaidar cewa taka ce, don kada a tsare ka a dawowa. A ɓangaren Kanada akwai fom na baƙo mai shigo da bindiga, lambarsa 5589. Ka cike shi tun daga gida, amma kada ka sa hannu sai a gaban jami'in iyaka. Kuɗinsa dalar Kanada 25, yana aiki kwana 60.

Na uku, lasisi. Akwai na gwamnatin tarayya na tsuntsaye masu ƙaura, dala 17 har da kan sarkinsa, sannan akwai na lardi. Saskatchewan na neman wanda aka haifa bayan 1 ga Janairun 1971 ya kasance ya yi kwas ɗin koyon farauta da riƙon bindiga. Kuma kowane lardi da tsarinsa: tun 2023 Manitoba ta mayar da lasisin baƙon da ba shi da ɗan jagora na kwana 7, ta hanyar ƙuri'a. Saboda haka ka karanta littafin dokokin shekarar da za ka je, kada ka dogara da labarin wanda ya je bara.

Na huɗu, harsashi. An hana na dalma wajen farautar tsuntsun ruwa, a Amurka tun 1991, a Kanada tun 1999. Dalili shi ne agwagwa na tsintar ƙwayoyin dalmar a ƙasan tafki kamar tsakuwa, gubar ta kashe ta a hankali. Na ƙarfe ake amfani da shi. Bindigar kuma kada ta iya ɗaukar fiye da harsashi 3.

Gonar mutane

Agwagi na kwana a ruwa, da safe da yamma su fita kiwo gonakin da aka girbe. Don haka rabin aikin mai farauta da kansa yawo ne a mota da la'asar, yana bin garke har ya ga gonar da suka sauka. Daga nan sai neman mai gona. Lardin ya kasu ƙananan hukumomin karkara 296, kuma ana sayar da taswirarsu mai ɗauke da sunayen masu filaye. Tun 1 ga Janairun 2022 doka ta wajabta neman izini ko da ba a kafa allon hani ba. Mu dama ba sai doka ta faɗa mana ba, dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa. Ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka faɗi sunanka da inda ka fito. In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce.

Hukuncin harbin

To, yanzu ga fiƙihun. Malaman farko ba su yi magana kan harsashi ba, don babu shi a zamaninsu. Dasuƙi a Hashiyarsa ya kawo cewa na baya sun yi saɓani: wasu sun hana suna kwatanta shi da dunƙulen yumɓu, wasu irin su Ibnu Gazi da Abdulƙadir Alfasi sun halatta, saboda yana hudawa ya zubar da jini ya kashe da sauri. Wannan ya dace da hadisin Adiyyu ɗan Hatim a Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da faɗinsa. Na farko a ci, na biyu a bari. A kan halaccin ake fatawa a yau.

Bismilla lokacin harbi ake yin ta. A wajen Malikiyya wajiba ce in ka tuna, in ka manta an yafe. Hanbaliyya sun tsananta, a farauta ko mantuwa ba su karɓa ba. Garke na saukowa cikin ƙiftawar ido, don haka ka saba wa harshenka tun wajen koyon harbi: ɗaga bindiga, bismilla.

Sai batun ruwa, inda na yi gaggawa. A ruwayar Muslim an hana cin abin da ka harba ka tarar ya nutse, kuma an faɗi dalili: ba ka san ruwan ne ya kashe shi ko kibiyarka ba. Ka ga illar ita ce kokwanto. Shi ya sa Ibnu Ƙudama a Almugni ya bayyana cewa in abin ya faɗa ruwa ta yadda ruwan ba zai kashe shi ba, kamar kansa na waje, ko ya zama tsuntsun ruwa ne, to halal ne. Agwagwar da harsashi ya gama da ita a sama ta faɗo tana yawo a kan tafki, ka ci abinka. Wadda ta ji rauni ta nutse ta maƙale a ciyawar ƙasa, daga baya ka ciro ta a mace, wannan ka bar ta. Kuma in ka yi farautarka a gona, matsalar ba ta ma taso ba. Mafarautan can da kansu ba sa son a yi harbi a tafkin da tsuntsaye ke kwana, don garken kan watse ya bar yankin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wadda aka samu da sauran rai. Dokar Kanada ta ce ka yi iya ƙoƙarinka ka ɗauko abin da ka harba, in da rai ka kashe nan take, ka lissafa shi cikin rabonka. Al'adarsu murɗe wuya. Ɗan uwa, in ka murɗe wuyan agwagwa mai rai ka mayar da ita mushe da hannunka. Tunda ta zo hannu, hukuncinta ya koma na kazar gida: wuƙa, bismilla, yanka. Don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a aljihunka, kada ka bar ta a mota. Haka in kare ne ya ɗauko maka ita tana motsi.

Abokin tafiyar tasa Kirista ne. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta abin da ma'abocin littafi ya farauto. Mashhurin mazhabar Malik bai halatta ba in harbinsa ne ya kashe. Mafita mai sauƙi: ku raba gefe, kai dama shi hagu, kowa ya tara nasa daban. Dama a doka kowa da iyakarsa, agwagwa 8 a rana a 'yan shekarun nan. In za ku ɗauko su a mota, a bar wa kowace fiffike ɗaya da gashinsa don jami'ai su gane irinta. Ka kuma bincika dokar shigo da nama kafin dawowa, domin a Satumbar 2022 Amurka ta hana na 'yan kwanaki saboda murar tsuntsaye, sannan ta sassauta da sharuɗɗa.

Sallah da niyya

Ana buɗe harbi rabin awa kafin fitowar rana, kuma tun cikin duhu ake zuwa gona a jera agwagin roba da ke yaudarar garke. Wato lokacin asuba a gona zai same ka, cikin sanyin da ruwa kan daskare. Ka yi alwala tun a masauki, ka san alƙibla, alfijir na ketowa ka yi sallarka kafin ka loda bindiga. Ka sanar da abokinka tun yanzu don kada ya zama rigima a can.

Ƙasaru a hanya babu matsala, tafiyar ta zarce kilomita 80 nesa ba kusa ba. In kun yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari ɗaya, ku cika. Sai dai ga wani abu: Risala ta Ibnu Abi Zaid ta karhanta farauta don wasa kawai, kuma malaman mazhaba sun karhanta ƙasaru ga mai irin wannan tafiyar. Da na faɗa masa haka ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, gaskiya har da nishaɗi." Na ce nishaɗi ba laifi ba ne in naman zai shiga tukunya. Ka lissafa abin da iyalinka za su ci da wanda za ka kai wa 'yan uwa a masallacinku, in ya cika ka sauke bindiga ko da doka ta bar maka saura.

Jiya ya turo mini hoton kayan da ya haɗa, wuƙar na saman jaka. Ya kuma ƙara tambaya kan agwagin robar nan, ko sun shiga hukuncin mutum-mutumi. Wannan karon na ce ya ba ni mako guda, in sha Allahu za ku ga amsar a nan.

Allah ne mafi sani. Allah ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya, ya ciyar da mu halal.