Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yata, zauna mu yi maganar kayan makarantar yaran nan tun hutu bai yi nisa ba. Na san za ki ce da sauran lokaci. Gaskiyarki. Shi ya sa nake so mu yi ta yanzu.

Kin ga kayan Sallah. Tun azumi bai kama ba ake tunaninsu. A sayi shadda, a sayi atamfa, a kai wa tela, a yi ta sintiri. Kaya ne da yaro zai sa kwana biyu ko uku, sai kuma ranar suna ko biki. To ki lissafa na makaranta. Zango 3 ne a shekara, kowanne mako 12 ko 13, kwana 5 a mako. Kwana 180 ke nan, ko ma fiye. A cikin yunifom yaro zai zauna a benci ko a ƙasa. A cikinsa zai yi tsere, ya faɗi, ya share aji. Babu tufar da ke yi wa yaro hidima irin yunifom, amma shi ake tunawa da shi ana saura kwana uku a koma. Haka muka saba, gida-gida. Sai dai sabon nan yana da tsada.

Ki fara da akwati kafin ki tuna da kasuwa. Asabar ɗin farko bayan an ba da hutu a ƙarshen Yuli, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki zazzage kayan kowa. Kira su ɗaya bayan ɗaya su saka. Ki sa yaro ya ɗaga hannu sama, ya tsuguna, ya zauna. A nan riga ke faɗin gaskiyarta. Duba hammata. Duba gwiwa da mazaunin wando. Ki ɗaga yadin saitin rana, in haske yana ratsa shi kamar rariya, to kwanansa ya ƙare. Za ki tarar wata rigar maɓalli kawai ta rasa. Wani wandon kalmasa za a warware ya ƙara tsawo, wani roba za a sake masa. Abin da ya mutu murus sau da yawa bai kai yadda kike tsoro ba.

Daga nan sai takarda da biro. Sunan kowane yaro, da abin da ya rasa. Kada ki manta da na Islamiyya, shi ma yunifom ne, shi ma kuɗi ne. Kada ki manta da safa, da singileti, da bajo, da kayan wasanni. Ƙananan nan su ke cinye kuɗi ba a ankara ba. In akwai mai tafiya makarantar kwana, takardarsa daban ce, makarantar za ta ba da jerin abin da take so.

Takardar nan za ki kai wa maigidanki. Tufatar da yara haƙƙi ne a wuyansa, ya sani, kuma na shaide shi mutum ne mai son 'ya'yansa. Amma ki zaɓi lokaci. Namijin da aka tara da lissafi daren Lahadi, gobe Litinin a koma, ko dai ya yi faɗa ko ya ci bashi. Wanda aka nuna wa takarda tun Yuli, bayan ya ci tuwo ya huta, zai ce to bari mu gani. Sai ku raba nauyin. Albashin Yuli ya ɗauki yadi da ɗinki. Na Agusta ya ɗauki takalma da jaka. Abin da ya ragu a fuskanci kuɗin makaranta da littattafai, don su ba sa jira. In ɗan kasuwa ne ko mai sana'ar hannu, a riƙa cirewa kullum. Naira 200 a asusu kowace rana, cikin kwana 45 ta zama 9,000. In da za a jure shekara guda, naira 100 a rana ta kai 36,500. Ko ki shiga adashe da matan da kika yarda da su, ki roƙi a ba ki kwasar Agusta.

Abin da ya sa nake matsa miki a kan sayen yadi da wuri, duniyar ce ta sake. Muna tasowa, masaƙun Kakuri a Kaduna da na Bompai a Kano suna aiki, yadin gida yana ko'ina. Yanzu akasarinsu sun rufe. Mafi yawan abin da ke Kantin Kwari daga waje ake shigo da shi, musamman daga Sin, farashinsa kuwa dala yake bi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta faɗi, kin ga yadda komai ya koma. A ƙarshen 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. A irin wannan zamani, yadin da ke cikin akwatinki ya fi kuɗinsa da ke cikin jakarki daraja. Ga kuma cunkoson Satumba, lokacin da kowa ke neman abu ɗaya a mako ɗaya.

In makarantar ta yarda ku ɗinka da kanku, ki nemi iyaye huɗu ko biyar da 'ya'yanku ke tare. Ku haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya shiga Kwari ya ɗauko bandir a farashin sari, ku yanka a gida. Kuɗin mota ma sau ɗaya ke nan. Ki yanki ƙyalle daga tsohon yunifom, daga cikin kalmasa inda rana ba ta koɗar da shi ba, a tafi da shi don kada a sayo kalar da malamai za su ƙi. In kuwa makarantar kuɗi ce mai sayar da nata, ki tambaya tun kafin a rufe: nawa ne, za a sake kala bana, ana karɓar biya kashi-kashi? Tambaya ba ta rage mutunci. A taron iyaye da malamai ma wurin faɗin wannan ne, cikin ladabi.

Araha ba ta ado, 'yata. Akwai yadin da wanki uku zai koɗe, akwai mai zuba, akwai mai tsukewa. Ki murza shi a hannu. Mai santsi da ƙyalli, wanda roba ta yi masa yawa, zai dafa yaro a zafin Afrilu, ga ƙuraje. Mai auduga a ciki ya fi shan gumi. Kafin a kai wa tela, ki jiƙa shi ya kwana, ki shanya. In zai tsuke, ya tsuke tun almakashi bai taɓa shi ba.

Shi kuma tela, ki je masa a farkon Agusta, lokacin da kekensa ke hutawa. Zai saurare ki. Ki ce ya bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da ƙasan riga, kamar yatsu uku, ya bar rara a gefe ta ciki. Ya maimaita ɗinki a hammata da tsakanin cinya. Guntun yadin da ya rage ya ba ki abinki, na faci ne. Amma kada son tattali ya sa a ɗinka wa yaro buhu. Rigar da ta yi masa yawa ƙwarai za ta tsufa kafin ya cika ta, ga dariyar 'yan aji. Ɗan sarari kaɗan ya isa. Telan da aka kai wa aiki a makon komawa, da kaya jibge a gabansa, alkawari zai yi ta yi miki, yaro kuma yana gida.

In da hali a yi saiti biyu. Ana komawa ne da sauran damina. Ki wanke da yamma, hadari ya taso, da safe riga da danshi. Ko a sa wa yaro ita haka ya sha sanyi, ko ya zauna a gida. Kuma saiti biyu da ake hutar da su sun fi daɗewa a kan guda da ake wankewa kullum. In babu hali, a ƙara riga ko hijabi, su suka fi saurin datti. Wando ɗaya zai lallaɓa.

Takalmi shi ne na ƙarshe, don ƙafar yaro ba ta hutu. Ki bari sai ana saura mako biyu. In ba za ki je da shi ba, ki tsayar da shi da yamma, ki auna tafin ƙafarsa da tsinken tsintsiya daga dunduniya zuwa babban yatsa, ki ƙara faɗin babban yatsanki, ki karya. Tsinken nan za a zura cikin takalmin a kasuwa. Sandal ɗan Aba yana da sauƙin kuɗi. Ki kai shi wurin mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki tun yana sabo, zai ga ƙarshen shekara. Gwanjo ma ba abin kunya ba ne. A Ƙofar Wambai ana samun kambas da jaka masu ƙwarin da wani sabon bai kai su ba, in an yi sammako ranar da aka fasa dila.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Yaro ba ya iya cewa kunya nake ji. Sai dai ya ce cikinsa na ciwo. Wanda wandonsa ya yage a baya ba zai tashi ya amsa tambaya ba, ko da ya san amsar. Wanda aka kora daga layi saboda takalmi, gobe zai fita da jaka ya laɓe a wani lungu har a tashi. Daga nan ake fara rasa yaro. 'Yarki babba kuwa ta fara zama budurwa. Ki lura da ita fiye da kowa. Rigar da ta matse ta za ta hana ta sakewa, kuma ba lallai ta faɗa miki ba. Ki sake mata tun kafin ta nema, ki ƙara wa hijabinta tsawo, ki tanadar mata na ciki isassu. In kuɗin bai kai kowa ba, a fara da ita.

Ƙaramin da zai gaji kayan yayansa, shi ma a duba zuciyarsa. A wanke, a sa bula in fari ne, a goge, a sake maɓallai, a liƙa sabon bajo. Ki haɗa masa da abu ɗaya sabo fil, ko da safa ce, ki ce wannan taka ce. Zai tafi yana taƙama. Yunifom ɗin da kuma ya yi wa kowa kaɗan alhali da sauran ƙwarinsa, kin san gidan marayun da ke layinku. Ki aika da shi bayan magariba, a naɗe, ba tare da kowa ya ji ba.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban hana ki ba in ta kama. Amma ki ci wanda kika san ranar biyansa, wurin ɗan'uwa ko mai shagon da kuka saba. Ki guji na manhajojin waya. Ruwansu yana da yawa, wasunsu kuma in an makara sai su bi lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi. Jaka mai hoton 'yar tsana ba ta kai wannan ba. In yaro ya ce ta wane ta fi tasa kyau, ki gaya masa gaskiya a hankali: bana ga abin da Allah ya hore. Yara suna gane magana in an yi musu ita da mutunci.

In an koma, ki rubuta sunan kowa a cikin wuyan riga da bakin hijabi. Da sun dawo su tuɓe kafin su ci abinci, manja ba ya jin roƙo. A shanya a inuwa, a juye ciki waje, kala za ta daɗe.

Rigar sanyi kada ki sa ta a lissafin Satumba, nauyin ya isa haka. Amma kada ki jira hunturu ya sauka, lokacin ta yi tsada. Ki saye ta a Oktoba, ki fara tambayar makaranta kalar da suka yarda da ita. Ki gaishe min da maigidan, ki shafa min kan yaran. Allah ya raya su, ya ba da abin da za a yi musu.