Yadda Ake Kamun Kifi da Fatsa Mai Inji: Darasi Ga Mai Koyo

Matashin da ke yawan leƙa YouTube ko TikTok ba zai rasa cin karo da bidiyon wani Bature tsaye cikin rafi yana jan ƙaton kifi mai ƙyalli da sanda mai inji ba. Wannan kifi shi ake kira steelhead. Yana girma a teku ko a manyan tafkunan Amurka da Kanada irin su Michigan da Erie, sannan ya haura rafukan da ke zuba cikinsu don yin ƙwai. Kifin ruwan sanyi ne, babu shi a Najeriya. Don haka wanda ya zauna a Sule Tankarkar ya yi odar duk kayan da ya gani a bidiyon zai yi asarar rabin kuɗinsa. Sanda da injin dai suna aiki a nan, muddin an san ruwan da za a je da yadda ake saita su.

Ina ruwan yake?

Sule Tankarkar, Gumel, Maigatari da Gagarawa ƙasar yashi ce, babu babban kogi, sai kududdufan damina. Ruwa mafi kusa shi ne Kogin Haɗeja, wanda ake samu ta wajen Ringim ko Haɗeja. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su samar da shi. Daga nan ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are, ya zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi.

Kifin nan ma yana da tasa tafiyar. Idan ruwa ya cika a watan Agusta da Satumba, tarwaɗa da karfasa kan bi ambaliya su shiga fadama su hayayyafa. Idan ruwa ya fara janyewa daga Oktoba, sai su komo kogi ta ƙananan mashigai. Bakin irin waɗannan mashigai ne wurin da mai koyo ya kamata ya fara gwadawa. A kuma sani cewa madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suna sakin ruwa cikin wannan kogi, saboda haka ruwa na iya ƙaruwa ko ba a ga hadari ba.

Karanta lambobin inji

Injin fatsa ba sabon abu ba ne. Wani ɗan Ingila mai suna Illingworth ya yi rajistar irinsa a 1905. Kwarkwaron zaren ba ya juyawa lokacin jifa, zaren ne kawai ke zubowa daga bakinsa, shi ya sa ba ya yawan cukurkuɗewa a hannun sabon shiga.

Kamar yadda ake duba ram da batir kafin sayen waya, haka ake duba lambobi uku a nan:

Girman inji. Lambobin 1000, 3000 ko 6000 girma suke nunawa. Tsakanin 3000 da 4000 ya wadatar ga tarwaɗa da karfasa.

Saurin naɗi. Idan an rubuta 5.2:1, ma'anarsa duk juyi ɗaya na mariƙi yana naɗe zare sau biyar da ɗan ɗoriya. Wannan ya isa.

Ƙarfin zare. Zaren lailon mai lamba 12lb yana ɗaukar kusan kilo 5.4 kafin ya tsinke. Ya fi zaren saƙa araha, ya kuma fi shi sauƙin ƙulli.

Sanda mai tsawon mita 2.1 zuwa 2.4 ta dace. Wajen loda zare, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3 daga bakin kwarkwaro. Idan ya cika maƙil zai zubo a dunƙule, idan ya yi ƙasa jifa ba za ta yi nisa ba.

Birki: inda mafi yawa ke faɗuwa

A saman kwarkwaro akwai wani murfi da ake murɗawa. Shi ne birki. Aikinsa ya saki zare a hankali idan kifi ya ja da ƙarfi. Sabon shiga yakan ɗaure shi tamau don tsoron kada kifi ya gudu, sai babbar tarwaɗa ta fizga sau ɗaya zaren ya tsinke.

Ƙa'idar ita ce birki ya fara saki a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Ga zaren kilo 5.4, wannan ya kama kilo 1.4 zuwa 1.8. Ana iya gwadawa a tsakar gida: a cika robar ruwa mai lita 1.5, wato kilo ɗaya da rabi, a ɗaura ta a bakin zaren, a ɗaga a hankali. Idan zaren ya fara saki daidai lokacin da robar ke barin ƙasa, saitin ya yi.

Jifa mataki-mataki

A bar zare kamar kamu ɗaya yana reto daga kan sanda. A danne zaren da ɗan ali, a buɗe lanƙwasasshen ƙarfen da ke gaban inji. A duba baya ko akwai mutum, a kai sanda baya, a wurgo gaba, a saki yatsa lokacin da sandar ta ɗan wuce saitin kai. Da koto ya faɗa ruwa, a rufe ƙarfen da hannu. Kwana biyu ana gwaji a fili da 'yar dalma ba tare da ƙugiya ba ya fi zuwa kogi kai tsaye.

Koton roba masu launi da ake gani a bidiyo ba su ne farkon buƙata ba. Tarwaɗa da ƙamshi take farauta, kuma a ƙasan ruwa, musamman da yamma da sassafe. Tana ko hanjin kaza da 'yar dalma sun ishe ta. Karfasa kuwa ƙaramar ƙugiya take so, kusa da ciyawa.

Aikin waya a bakin ruwa

Hoton tauraron ɗan'adam na Google Maps yana nuna lanƙwasar kogi da mashigai, amma hoton na iya zama tsoho, kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama a yankin. A sauke taswirar tun daga gida don sabis na iya ɗaukewa. A duba hasashen NiMet, domin sandar kabon tana ɗaukar lantarki: da an ji tsawa a kwantar da ita, a kuma nisanci wayoyin wuta. Wanda zai tafi ya tura wa wani na gida inda yake ta WhatsApp.

Lambar IP67 tana nufin an gwada waya a zurfin mita ɗaya na minti 30 cikin ruwa mai tsabta. Yawancin kamfanoni ba sa biyan waranti idan ruwa ya shiga, don haka jakar leda mai zif ta fi dogaro da lamba.

Abu biyu da manhaja ba za ta yi ba

Na farko, izini. Ruwa yana da masu shi. Akwai Sarkin Ruwa da masunta da suka kafa kalli da mali, kuma abincin iyalinsu ke nan. Baƙo ya yi sallama, ya ce, "Baba, ina ne zan jefa ban taɓa muku kaya ba?" Amsar da zai samu ta fi kowace taswira.

Na biyu, lafiya. Ruwan fadama mai kwanciya yana ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata. Baturen bidiyo yana shiga ruwa ne da dogon wandon roba. Mai koyo ya tsaya a gaɓa, idan kuma ya ga jini a fitsari bayan tafiyar, ya je asibiti. Ƙananan kifaye a mayar da su ruwa, su ne kamun baɗi.