Darasi na Bakwai: Haɗaɗɗiyar Koyarwa Wajen Koyar da Adabin Ingilishi ga Yara

Gabatarwa

A wannan darasi za a yi bayani a kan yadda malami zai haɗa koyarwar aji da ta intanet wajen koyar da adabin Ingilishi ga yaran da Hausa ce harshensu na farko. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bayyana ma'anar wannan hanya da matakanta da kuma matsalolinta.

Ma'anar Haɗaɗɗiyar Koyarwa

Haɗaɗɗiyar koyarwa ita ce tsara darasi ta yadda wani ɓangarensa zai gudana a aji, gaba da gaba, wani kuma ta hanyar kwamfuta ko wayar salula. Sharaɗinta shi ne kowane ɓangare ya dogara da ɗan'uwansa. Daga cikin nau'o'inta akwai juyayyen aji, wanda malaman kimiyya biyu na Amurka, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka soma gwadawa a 2007. A wannan tsari yaro kan fara cin karo da darasi a gida, sa'annan a yi amfani da lokacin aji wajen tattaunawa.

Dalilan Amfani da Ita

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2004 ta tanadi a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru ukun farko na firamare, a koma Ingilishi sannu a hankali daga aji huɗu. A nan ne yara da yawa kan yi tuntuɓe, domin ba su jin Ingilishi a gida ko a kasuwa. Idan aka ba irin wannan yaro littafin labari, sai baƙin kalmomi su sha masa kai, daɗin labarin ya kuɓuce masa. Naɗaɗɗiyar murya kuwa takan ba shi damar saurare sau da yawa ba tare da jin kunya ba. Haka kuma rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya nuna haɗarin dogaro da aji kaɗai.

Matakan Koyarwa

Bari mu ɗauki misali da Chike and the River na Chinua Achebe, wanda aka buga a 1966, labarin yaron da ya koma Onica yana burin haye Kogin Kwara zuwa Asaba.

1. Kafin aji: malami ya naɗi muryarsa yana karanta shafi biyu a tsanake, ya haɗa da hotunan kogi da jirgin fito da sababbin kalmomi biyar, ya aika ta WhatsApp zuwa wayoyin iyaye.

2. A cikin aji: yara su sake ba da labarin, da Hausa tukuna, sa'annan da Ingilishi. Malami ya tambaye su: me ya hana Chike haye kogin? Daga nan su kwaikwayi abin da ya faru.

3. Bayan aji: kowane yaro ya zana hoto ko ya naɗi jimloli uku a kan abin da zai yi da shi ne Chike.

Ya kamata a zaɓi labarin da ke kusa da rayuwar yaro. Ga 'yan ƙaramar sakandare, An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi (1962) ya yi kama ƙwarai da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, don haka ana iya kwatanta su. Ga ƙanana kuwa, shafin African Storybook na ɗauke da gajerun labarai kyauta cikin Ingilishi da Hausa.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce rashin daidaito. Idan aka gina darasi a kan abin da aka aika gida, ɗan talaka da ba su da babbar waya ko kuɗin data zai shigo aji a baya, alhali laifin ba nasa ba ne. Saboda haka wajibi ne malami ya sake kunna muryar a aji kafin a fara tattaunawa, ya kuma taƙaita ta don kada ta ci data. Matsala ta biyu ita ce mayar da adabi gwajin kalmomi kawai. Ta uku kuwa ita ce tsaron yara: a riƙa sadarwa ta hannun iyaye, kada a yaɗa hoton yaro ba da izininsu ba.

Kammalawa

An ga cewa na'ura tana taimakawa wajen saurare da maimaitawa, amma fahimtar jigo da halayen taurari sai a gaban malami. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamin da ya iya raba aiki tsakanin ɓangarorin biyu shi ne zai sa yaro ya ƙaunaci karatu.

Auna Fahimta

1. Mece ce haɗaɗɗiyar koyarwa?
2. Zaɓi wani gajeren labari, ka tsara masa matakan nan uku.
3. Yaya za ka taimaki yaron da babu babbar waya a gidansu?