Shatar Mota ta Zuwa Kaɗai Kafin Hawa Jirgi: Shawarwari ga Iyalan Bauchi

Da Sha'aban ya kama, mai shiga Kasuwar Muda Lawal zai ga wasu masu sayayya waɗanda ba cefanen gida ya kawo su ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkonon dakan yaji, kowanne a ƙulle shi leda biyu. Guzurin Umara ke nan. Alhazan jiha daga filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum suke tashi, amma mai Umara, da ɗalibi, da mai kai mara lafiya Masar ko Indiya, yawanci sai sun kai kansu Kano ko Abuja. Idan iyali ne mutum biyar ko shida da kaya, shatar mota ta fi sauƙi, kuma ta zuwa ce kaɗai: a sauke ku, mota ta juya. A ƙasar waje ma haka za ku yi ta yi daga gari zuwa gari. Abu biyu ne ke jawo asara a irin wannan tafiya: mantawa da cewa dole motar ta koma inda ta fito kuma wani ne zai biya, da mantawa da cewa jirgi ba ya jiran kowa.

1. Ku san abin da kuke biya. Direban da ya karɓi shatarku ya bar layinsa na lodi a Bauchi, kuma in ya sauke ku a Kano ba shi da layi a can. Ko ya kwana yana jiran fasinja, ko ya komo fanko yana ƙona mai. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man komowar nan ne ke kumbura kuɗin shata. Saboda haka kafin ku buɗe baki da kowa, ku tambayi kuɗin kujera ɗaya zuwa Kano, ku ninka shi da yawan kujerun da ake lodawa a irin motar. Ƙasa da wannan ba direban da zai yarda. Abin da ya hau kai kuwa kuɗin komowa ne, kuma a nan ciniki yake. Dabarar da ta fi kowace rage tsada ita ce neman direban Kano da ya kawo lodi Bauchi yana shirin komawa gida. Shi tafiyar dole ce a kansa, da ku ko ba ku. 'Yan kamasho sun san irinsu. Ku je ana jibi tafiya ku bar sallahu.

2. Ku ƙulla magana a ofishin ƙungiyar direbobi, ba a bakin titi ba. Motar da ke da rajista a tasha tana da inda za a neme ta. Sannan ku fayyace wurin sauka, domin a bakin direba Kano na nufin tasha.

"Malam direba, Kanon nan fa filin jirgi nake nufi, bakin ƙofar masu fita waje."

"Haba Alhaji, ai duk Kano ce."

"To tunda duk ɗaya ce, maimaita a gaban sakatare. Kuɗin geti kuma na wa?"

Haka za ku bi sauran: mai a cikin kuɗin yake, ba tsintar fasinja a hanya, ba ɗaukar saƙon kowa, abin da ya taso a shingen jami'ai tsakaninsa da su ne. Ku ba da kafin alƙalami wanda zai isa shan mai, ragowar sai an sauke jaka ta ƙarshe. Wanda ya biya duka tun a Bauchi ya koma ɗan rakiya a motar da ya yi shata.

3. Ku ga motar da idonku ana gobe tafiya, ku ɗauki hoton lambarta. Yakan faru a nuna wa mutum Sienna mai sheƙi da yamma, da asuba a turo masa tsohuwar Sharon da uzurin cewa waccan ta tafi gareji. Ku duba tayoyi, ku sa a fito da safaya ku taɓa ta ku ji ko da iska, ku ga jak. Ku tambayi lasin direba da takardun mota, don takarda ɗaya da ta ƙare na iya tsayar da ku awa guda a hannun jami'an kiyaye haɗurra. A buɗe but ku kimanta shi da jakunkunanku. Idan da keken guragu na Inna ko Baba, shi ake fara nema wa wuri.

4. Ku lissafa lokaci daga tashin jirgi ku dawo baya. Mai fita ƙasar waje ana so ya isa filin jirgi awa uku kafin tashi, kuma akan rufe awon kaya kamar saura awa ɗaya. Daga Bauchi zuwa Kano ta Kafin Madaki, Ningi, Birnin Kudu da Wudil tafiyar kilomita wajen 300 ce, awa huɗu zuwa biyar in hanya ta yi kyau. Ku ɗora tsayawar salla, da fitsarin yara, da faci ɗaya, da cunkoson shiga Kano. Ranar Juma'a kuma kasuwar Wudil na ci. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: ku kwana a garin da jirgi zai tashi. Kuɗin masaukin dare ɗaya bai kama ƙafar kuɗin sauya tikitin mutum shida ba, kuma da wuya Bahaushen Bauchi ya rasa ɗan'uwa a Kano. Abuja kuwa ba a ma maganar zuwa ranar tashi. Hanyar ta haura kilomita 400, sai an ratsa Jos, in aka bi ta Akwanga da Keffi ga gosulon Mararraba da Nyanya yana jira, sannan filin jirgin yana can bayan gari ta Lugbe. Tafiyar dare da iyali ku bar ta gaba ɗaya, duk zaƙin bakin direba.

5. Fasfo, biza, tikiti, katin allurar shawara, kuɗi da magungunan yau da kullum su zauna a ƙaramar jaka a jikin mutum ɗaya. Kada su shiga but. Ku tabbata kowane fasfo na da sauran aƙalla wata shida.

6. Ku ci moriyar komowar motar, tunda kun biya ta. Ku auna kaya a gida ko a sikelin 'yan kasuwa, ku gwada da kilon da aka rubuta a tikitinku. Duk da haka, ku yi sharaɗi da direba ya jira har a gama awo, ko wani ɗan gida ya raka ku ya komo da motar. Abin da ya yi yawa sai ya koma Bauchi maimakon a biya kuɗin ƙarin kilo ko a zubar da shi a bakin kanta. Goro dai kada ma ya shiga jaka, hukumomin Saudiyya sun hana shiga da shi. Jakar wani kuma, ko ta maƙwabciyar da kuka yi shekaru tare, in ba a zazzage ta a gabanku ba kada a rubuta sunanku a kanta. Kafin mota ta juya a ƙirga jakunkuna, a leƙa ƙarƙashin kujeru. Waya da tabaraun tsofaffi can suke maƙalewa.

7. A Saudiyya, ku fara tambayar ejan ko sufuri na cikin kuɗin da kuka biya, domin ƙa'idojin bizar Umara na yawan sauyawa, kuma wasu kan biya mota sau biyu ba su sani ba. Idan ku za ku nema da kanku, daga Jidda zuwa Makka kusan kilomita 80 ne, daga Madina zuwa Makka kuwa wajen 450. Masu GMC da ƙananan bas-bas suna tsaye a bakin masaukai, kuma cinikin iri ɗaya ne da na tashar Bauchi: sunan otal ɗin da za a sauke ku, ba Makka kawai ba. In daga Madina ne, ku ƙara da sharaɗin tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa, wato Bi'ir Ali, a ba ku lokacin alwala da salla da ɗaukar niyya ba da ƙorafi ba. Akwai kuma jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, wanda ke haɗa Makka da Madina cikin kamar awa biyu da rabi. Yana da daɗi ga tsofaffi, sai dai yana da iyakar kaya, ga kuɗin tasi zuwa tasha da kuma daga tasha. Mutum biyu masu jaka ɗai-ɗai, jirgin ƙasa. Iyali mai gana-masgo, mota.

8. Idan maigida ko ɗansa ne zai tuƙa motar haya da kansa, a nan sai an nutsu. Tuƙin ba baƙo ba ne, su ma hannun dama suke bi kamar mu. Kamfanoni irin su Theeb, Lumi da Budget kan yarda a karɓi mota a gari ɗaya a ajiye ta a wani, amma akwai kuɗin mayar da ita, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da ake gani da manyan lambobi. Ku tambaya a rubuta muku jimla. Ku tambayi iyakar kilomitar da aka yarje a rana, don tafiyar Madina zuwa Jidda kaɗai na iya zarce ta, a riƙa cajin ku kan kowace kilomita. Za a nemi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda tun a gida ake yinsa, da katin banki da za a riƙe kuɗin jingina a kai; ku tabbatar daga bankinku cewa katin na aiki a waje kuma iyakarsa ta kai. Duk wanda zai taɓa sitiyari a sa sunansa a takarda, in ba haka ba inshora ba ruwanta da shi.

Kafin ku motsa, ku kunna kyamarar waya ku zagaya motar a hankali ma'aikacin na tsaye: bamba, madubai, gilashin gaba, bakin tayoyi, kowane ƙarzani ku sa yatsa a kai. Ku shiga ciki ku ɗauki allurar mai da lambar kilomita. Haka za ku maimaita ranar mayarwa, ku karɓi takardar rufe haya a hannu. A hanya kuma ku kiyayi kyamarorin Saher masu kama laifin tuƙi. Ba ɗan sandan da zai tsayar da ku ku ba shi haƙuri. Tara ce za ta bi lambar mota ta fita daga katinku, wani lokaci bayan kun dawo Bauchi. A cikin Makka da Madina motar nauyi ce kawai, don wurin ajiye ta kusa da Harami abin nema ne. Ku karɓe ta ranar barin gari, ku mayar ranar isa. Lokacin aikin Hajji kuwa wannan magana ba ta taso ba, shiga Makka sai da izini, kuma sufurin alhazai na hannun hukuma.

9. Wasu iyalai masu hali yanzu kan haɗa tafiyar da yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, musamman tun da jirgin Aroya ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024.  Ga mai wannan niyya: tashar jirgin ruwa daban, filin jirgin sama daban, kuma ofishin mayar da mota ba lalle ya kasance kusa da tashar ba. Ku mayar da ita ana gobe, ku kwana a Jidda, da safe ku hau tasi. Ana rufe shiga jirgi tun kafin lokacin tashinsa, ku duba takardarku. Ku kuma tambayi kamfanin tun kafin biya ko fasfon Najeriya na buƙatar bizar ƙasashen da za a yada zango, da kuma ko bizarku ta Saudiyya ta yarda ku fita ku sake shigowa.

10. Kada ku biya kuɗin ɗauko ku tun ranar tafiya. Ranar dawowa na iya sauyawa, jirgi na iya jinkiri, kuma kaya sun ƙaru da tsaraba da ruwan Zamzam, ƙila motar da ta kai ku ba za ta ɗauke ku ba. Ku riƙe lambar direban da ta sakataren tasha, ana jibi saukarku ku kira ku tambayi wace motar Bauchi ce za ta kai lodi Kano ran nan. Idan da dare jirgin zai sauka, ku ce ya zo bayan sallar asuba.