Manhajar GIMP: Tsakanin Kyauta da Sauƙin Aiki

A shekarar 1995 ne wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya, wato Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara ƙera GIMP, manhajar gyaran hotuna a kwamfuta. Kyauta ake samun ta, kuma lasisinta ya yarje wa kowa ya duba yadda aka gina ta, ya yi mata kwaskwarima. Aikin gayya ne, 'yan sa-kai ke riƙe da ita.

To, me ya sa ƙwararru suka fi karkata ga Photoshop, alhali tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da ita ta haya? Amsar tana ga sauƙin aiki. Alal misali, tun 1996 Photoshop ta samu dabarar gyara launi ba tare da an taɓa asalin hoto ba. GIMP kuwa ba ta samu makamanciyarta ba sai a fitowa ta 3.0, cikin watan Maris na 2025. Kafin nan, wanda ya so sauya gyaran da ya yi da farko, tilas ya warware duk abin da ya biyo baya. Ga mai neman abinci da sana'ar, wannan ɓata lokaci ya fi kuɗin haya ciwo.

Dalilin jinkirin ba ɓoyayye ba ne. Hannuwan kaɗan ne, kuma sun shafe shekaru suna sauya tubalin manhajar zuwa GEGL, aikin da idon mai amfani ba ya gani, amma wanda sabuwar dabarar ta dogara a kansa. Masu maɗaba'a kuwa, fitowa ta 3.0 ma ba ta kawo musu cikakken tsarin launi na CMYK ba.