Tsakanin "Babu" da "Ba a Sani Ba": Yadda Taskokin Manhaja ke Tafiyar da Kuskure Wajen Tantance Samuwar Fayil da Nau'insa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda taskokin manhaja na harsunan C++ da Python da Java da Go da Rust suke amsa tambayoyi biyu: shin fayil kaza yana nan, kuma wane iri ne? An kwatanta amsar da kowace taska take bayarwa da wadda tsarin POSIX yake bayarwa tun daga tushe. Nazarin ya nuna cewa amsoshin tambayar uku ne, wato akwai, da babu, da ba a iya tantancewa ba, kuma yawancin kurakurai suna faruwa ne idan aka haɗe ta biyu da ta uku. An kuma dubi yadda rubutun Hausa yake shafar sunayen fayiloli.

Fitilun kalmomi: fayil, taskar manhaja, lambar kuskure, POSIX, sunan fayil

1.0 Gabatarwa

Aikin manazarcin Hausa a yau ya dogara ƙwarai ga kwamfuta. Mai tattara karin magana, da mai naɗar muryoyin masu Sakkwatanci ko Katsinanci, da mai ɗaukar hotunan rubuce-rubucen ajami, duk a fayiloli suke adana abin da suka samo. Idan fayilolin suka kai dubbai, ba ya yiwuwa a bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Dole a rubuta 'yar manhajar da za ta ƙirga su, ko ta kwafe su, ko ta fitar da jerin waɗanda suka ɓace. Kusan kowace irin wannan manhaja da tambaya ɗaya take farawa: fayil ɗin yana nan?

Yaron da aka aika ɗaki ya ɗauko littafi yana iya dawowa da ɗaya daga amsoshi uku. Ko dai ya ce "ga shi", ko ya ce "na duba, babu", ko kuwa ya ce "ƙofar a kulle take". Babu mai hankalin da zai ji amsa ta uku ya yanke hukuncin cewa littafin ya ɓace. Sai dai taskokin manhaja da dama haka suke yi, domin an gina umarninsu ne a kan amsa biyu kacal: i ko a'a.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

A wannan maƙala, "taskar manhaja" na nufin tarin umarnin da aka riga aka rubuta, wanda mai tsara manhaja yake ɗauka ya yi amfani da shi. "Folda" ita ce ma'ajin da ke ƙunshe da fayiloli. "Hanya" ita ce jerin sunayen da ake bi daga babbar folda har a isa ga fayil. "Lambar kuskure" ita ce alamar da umarni yake bari don a san dalilin gazawarsa, ba tare da ya dakatar da aiki ba. "Kururuwa" kuwa ita ce sanarwar kuskuren da take katse aikin manhaja nan take, sai fa idan an tanadi mai tarbar ta.

3.0 Tushen Amsar: Umarnin stat

A kwamfutocin da ke bin tsarin POSIX, wanda aka fara fitarwa a 1988, kamar masu aiki da Linux ko macOS, tambayar samuwar fayil galibi kan umarnin stat take komawa. Idan ya yi nasara, yakan dawo da sifili tare da bayanan fayil: girmansa, da mai shi, da nau'insa, da lokacin da aka sauya shi. Idan ya gaza, yakan dawo da -1, ya kuma ajiye dalilin a wata ma'adana mai suna errno. Daga cikin dalilan, tare da lambobinsu a Linux, akwai:

i. ENOENT, lamba 2: babu wani abu mai wannan suna a hanyar.
ii. EIO, lamba 5: an samu matsala wajen karanta na'urar ajiya.
iii. EACCES, lamba 13: ba a da izinin ratsa wata folda da ke kan hanyar.
iv. ENOTDIR, lamba 20: wani sunan da aka ɗauka folda ce a tsakiyar hanya ashe ba folda ba ce.
v. ENAMETOOLONG, lamba 36: sunan ya wuce tsawon da aka yarda da shi.
vi. ELOOP, lamba 40: manuniyoyi sun yi ta miƙa tambayar ga juna har aka wuce iyaka.

A cikin waɗannan shida, na farko ne kaɗai yake cewa "babu" kai tsaye. Na huɗu ana iya fassara shi haka. EIO da EACCES kuwa ba su ce komai game da samuwar fayil ba, rahoton gazawar dubawa kawai suka kawo. Ke nan tushen bai yi rowar bayani ba. Bayanin yana salwanta ne a taskar da ke tsakanin tushen da mai tsara manhaja.

4.0 Hanyoyin da Taskoki Suka Bi

4.1 Haɗiye Kuskure

A harshen Python, umarnin os.path.exists yana kiran stat, kuma duk kuskuren da ya taso daga tsarin kwamfuta sai ya mayar da shi "a'a". Bayanin harshen da kansa ya yi gargaɗin cewa ana iya samun "a'a" alhali fayil ɗin yana nan, idan babu izinin duba shi. Haka os.path.isfile da os.path.isdir suke. Umarnin Path::exists na harshen Rust ma haka yake yi.

Amfanin wannan hanya shi ne sauƙi, amma tana da illa. A ɗauka cewa wani manazarci yana da muryoyi 400 a na'urar ajiyar sashensu, 60 daga ciki suna cikin foldar da abokin aikinsa ya kulle. Manhajar ƙirgarsa za ta ba shi 340 ba tare da ko ƙorafi ba, shi kuwa ya shigar da adadin cikin rahotonsa. Mafi muni shi ne manhajar da aka ce mata "idan babu fayil, ki ƙirƙiri sabo". Idan ajiyar ta nesa ce, kuma layin sadarwa ya yanke na ɗan lokaci daidai sa'ar dubawa, sannan ya dawo sa'ar rubutawa, to sabon fayil zai hau kan tsohon ya shafe shi.

4.2 Tagwayen Umarni: C++

Taskar std::filesystem ta shiga ƙa'idar harshen C++ a 2017, bayan ta daɗe tana aiki a matsayin Boost.Filesystem, wadda Beman Dawes ya assasa. Yawancin umarninta sun zo ne a sigogi biyu: ɗaya tana yin kururuwa idan an samu kuskure, ɗayar kuma tana karɓar ma'adanar lambar kuskure ta cika ta shiru.

Ginshiƙin tsarin shi ne umarnin status, wanda yake dawo da ɗaya daga nau'o'i goma. Bakwai nau'o'in fayil ne na ainihi. Sauran ukun kuwa bayanin halin da ake ciki ne: not_found yana nufin an duba babu, unknown yana nufin abin yana nan amma ba a gane nau'insa ba, none kuma yana nufin dubawar ce ba ta yiwu ba. Rashin fayil ba ya sa exists ta yi kururuwa, domin "babu" amsa ce sahihiya. Rashin izini kuwa yana sa ta yi.

Akwai wani ɗan bambanci a sigar lambar kuskure da yakan ruɗa masu koyo. Idan hanyar ba ta kai ga komai ba, exists tana dawo da "a'a" ta kuma share lambar kuskuren, tunda tambayarta ta samu amsa. Amma is_directory a kan wannan hanya tana dawo da "a'a" ta bar lambar a cike. Saboda haka, ganin lamba a cike bayan is_directory bai isa hujjar cewa wata babbar matsala ta auku ba, kuma ganin "a'a" daga exists ba tare da duba lambar ba komawa ne ga illar da aka bayyana a 4.1. Abin da ya fi dacewa shi ne a kira status sau ɗaya, a riƙe sakamakon, sannan a yanke kowane hukunci daga gare shi.

4.3 Fito da Amsa ta Uku Fili

Harshen Java, tun daga sigarsa ta 7 da ta fito a 2011, ya tanadi umarni biyu: Files.exists da Files.notExists. Na biyun ba kishiyar na farkon ba ne. Idan dukansu suka ce "a'a", ma'anar ita ce ba a iya tantancewa ba. Rust ya ƙara try_exists a sigarsa ta 1.63 a shekarar 2022, wanda yake dawo da i, ko a'a, ko kuskure. Harshen Go kuwa bai ma tanadi umarnin "yana nan?" a taskarsa ta os ba. Mai tsara manhaja shi zai kira os.Stat, ya gwada kuskuren da fs.ErrNotExist, ya kuma san yadda zai yi da sauran.

Ko a nan ba a haɗu a kan iyakar "babu" ba. Manyan taskokin C++ suna lissafa ENOTDIR a matsayin not_found, alhali Go ba ya sa shi cikin fs.ErrNotExist. Mai mayar da manhaja daga wani harshe zuwa wani yana bukatar ya lura da wannan.

5.0 Tantance Nau'in Fayil

Nau'o'in fayil bakwai ne a tsarin Unix: fayil na yau da kullum, da folda, da manuniya, da bututun saƙo, da soket, da na'urori iri biyu. Saboda haka kuskure ne a ce duk abin da ba folda ba fayil ne da za a iya karantawa. Amsar "a'a" daga umarnin tantance folda tana iya nufin abin wani nau'i ne, ko ba ya nan, ko ba a samu ikon dubawa ba. Manhajar da ta yi ƙoƙarin buɗe bututun saƙo kamar fayil ɗin rubutu tana iya tsayawa cik tana jira har sai wani ya buɗe ɗaya bakin.

Manuniya ita ce fayil ɗin da ba ya ƙunshe da komai sai hanyar wani fayil. Umarnin stat yana bin ta ya ba da labarin inda ta nuna, lstat kuwa labarin ita kanta yake bayarwa. Idan an goge abin da take nunawa, stat zai ce babu, alhali sunan yana nan a cikin folda. Wannan ne ya sa Python ya tanadi os.path.lexists, C++ kuma ya tanadi symlink_status.

6.0 Giɓin da ke Tsakanin Dubawa da Aikatawa

Ko da amsar ta zo daidai, labarin lokacin da aka duba kawai take bayarwa. Kafin a buɗe fayil ɗin, wata manhaja tana iya goge shi, ko ta musanya shi da manuniya. Matt Bishop da Michael Dilger sun yi nazari a kan wannan giɓi a 1996, inda suka nuna yadda mai mugun nufi zai iya amfani da shi ya sa manhaja mai babban izini ta taɓa fayil ɗin da bai kamata ba.

Maganin shi ne a haɗe dubawa da aikatawa su zama mataki ɗaya. Mai son karantawa ya buɗe fayil ɗin kai tsaye, ya tarbi kuskuren idan ya zo. Python, tun daga sigar 3.3 ta 2012, ya ware FileNotFoundError daga PermissionError don a iya bambancewa. Mai son ƙirƙirar sabo kuwa ya yi amfani da O_CREAT tare da O_EXCL a POSIX, ko harafin x a Python da ƙa'idar C ta 2011. Da wannan, kwamfutar ce da kanta za ta ƙi rubutawa idan akwai wani abu mai wannan suna. Idan ana bukatar sanin nau'i, a tambayi fayil ɗin da aka riga aka buɗe ta hanyar fstat.

7.0 Sunayen Fayil na Hausa

Akwai wani "babu" da yake gaskiya a wurin kwamfuta amma yake ɓatar da mai nazarin Hausa. Linux yana kwatanta sunaye ne bisa lambobin haruffansu, ba bisa kamanninsu a ido ba. Alamar da ke gaban kalmar 'ya'ya tana iya zama U+0027, ko U+2019, ko U+02BC, kuma manhajojin rubutu sukan sauya ta farko zuwa ta biyu ba tare da an umarce su ba. A Nijar kuma da harafin ƴ ake rubuta sautin. Haka wasalin à mai alamar karin sauti: ana iya adana shi a matsayin harafi ɗaya, U+00E0, ko a matsayin a da alamar U+0300 a bayansa. Tsohon tsarin ajiya na Apple, HFS+, yana rarraba irin waɗannan haruffa, don haka sunan da ya fito daga can yana iya ƙin dacewa da wanda ke cikin jerin manazarci.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa rarrabuwa, amma ba sa cikin tsohon jadawalin haruffa na Windows-1252, saboda haka tsofaffin manhajoji sukan gurɓata su. A duk waɗannan, ENOENT za a samu. Ya dace manhajar da ta ce fayil ya ɓace ta nuna ainihin sunan da ta nema, kuma masu gina rumbun bayanai su tsayar da siga ɗaya ta rubuta suna tun daga farko.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsarin kwamfuta yana bambance rashin fayil da gazawar dubawa, kuma taskoki sun sha bamban wajen isar da wannan bambanci. Umarnin da ke amsa i ko a'a ya wadatar idan abin da zai biyo baya ba shi da haɗari, kamar nuna saƙo a fuskar kwamfuta. Inda za a goge, ko a rubuta a kan wani abu, ko a fitar da adadin da zai shiga bincike, wajibi ne a yi amfani da umarnin da ke kawo dalilin gazawa, a kuma ware wa "ba a iya dubawa ba" gurbinsa a rahoto. Manazarcin da ba shi ya rubuta manhajar ba ma yana da haƙƙin ya tambayi wanda ya rubuta ta: me take yi idan ta tarar da folda a kulle?